Shekarun da Na Rame a Lafiya

Da aka ƙirƙiro jiharmu aka kwaso mu ma'aikata daga Jos zuwa Lafiya, ni da tumbina muka zo, kuma shi aka fi girmamawa. Matata ta buɗe shagon sakwara kusa da tasha, direbobi suna cika mata benci. Sukan nuna ni su ce ga shaida nan, abincin madam yana karɓar jiki.

Bayan 'yan shekaru kaina ya fara sarawa. Likita ya auna ni ya ce hawan jini ne, in rage gishiri, in riƙa gudu. Gudu kuma? Kakata a Awe gishiri ta dafa duk rayuwarta, tana dafawa tana lasa, ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba, ta kuma tsufa tukuf da haƙoranta. Amma tsoro ya kama ni. Na sayi kambas na gwanjo, kullum da safe ina haki a hanyar Doma, manoma suna wuce ni a keke suna yi mini sannu.

Gwiwoyina suka yi tsami, amma ciwon kai ya tafi, wando ya fara zamewa. Na ji daɗi ƙwarai.

To, shekarun ne ƙanjamau ke ɗaukar mutane, kuma ba wanda ya san wata alama tasa sai rama. Mai askina ya fara cewa injinsa ya lalace duk ranar da na je. A ofis aka ware mini kofi. In na ce gudu nake yi, sai a sunkuyar da kai a ce Allah ya sawwaƙe. Daga nan bencin matata ya fara bushewa. Wani direba ya gaya mata a fili: "Madam, ba don komai ba, amma oga yana ƙarewa. Mutane yana jin tsoron cin abinci a filet ɗinka."

Shagon nan shi ne duniyarta. Ta daka sakwara ta dawo da ita gida ba a saya ba. Na rasa gane kaina: ban taɓa jin ƙarfi irin na lokacin ba, gari kuwa har ya fara yi mini ta'aziyya. Sai na ajiye kambas. Na koma zama a ƙofar shago ina zuba loma da miyar agushi kowa yana gani. Tumbi ya dawo, direbobi suka dawo, suna riƙe hannuna suna cewa barka da warkewa. Ciwon kai ma ya dawo.

Ranar da na koma asibiti matata ta bi ni. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce in na ci gaba a haka ɓarin jikina zai iya shanyewa. Na tambaye shi, ba a yi masu gudun da suka yanke jiki suka faɗi ba? Ya ce an yi. To gudun zai sa in daɗe? Ya ce shi ba ya raba kwana, amma zaman da nake yi ya fi ba shi tsoro. Na fito kaina ya fi ɗaurewa.

Muka iso shago. Benci cike, ana ta kiran madam. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juyo ta ce, "Gobe ka koma gudunka. In za su watse, su watse."

Ta shiga ta ɗauki taɓarya, tana daka tana share ido da gefen zane.