Bakaniken da Ake Yi wa Kukan Mota

Shekara talatin Baba Bakanike ya yi a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, tsakanin tsofaffin tayoyi da jarkokin baƙin mai. Bai taɓa shiga aji ba. Sunayen kayan mota irin su kafireta, totur, salansa, duk a bakin maigidansa ya tsince su, haka kuma yake kiransu har gobe. Dokarsa ɗaya ce: ba ya buɗe bonet sai mai mota ya kwaikwayi kukan da take yi.

Ran nan wani malamin Turanci ya kawo tasa. Ya yi ta zuba sunayen da ya karanto a littafi, har da gyara wa Baba lafazi.

"Malam, Turancin nan ya fi ƙarfina," in ji Baba, yana goge hannu da tsumma. "Yi min kukanta."

Malam ya waiga hagu da dama, ya siranta murya: "Tsiiii."

"Da safe in ka tashe ta?"

"Ƙwarai kuwa."

"Fanbel ne ya saki."

Baba ya buɗe bonet, ya ɗauko sifana ya ɗaure shi. Da aka tayar da motar, kukan ya ɗauke ɗif. Ya rufe bonet ya ce, "Ka gani, Malam? Ita ma motar ba ta yi boko ba."