Ranar da Tirelarmu ta Kwance a Hanyar Hatta

Ba zan manta da wannan tafiyar ba, ko da yake shekaru sun ja, wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina jin a 2012 ne, ko shekarar da ta biyo baya, washegarin ƙaramar Sallah. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aikin rubutu a ofishin kago, wato jigilar kaya, na wani Alhaji ɗan Kano a Deira, can ƙasar Larabawa.

Alhaji ya aro wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin mai gado da kicin a ciki, don mu je Hatta, wani gari cikin duwatsu, shan iska. Mu tara ne. Kayan sun yi yawa, sai aka ɗaura mata ƙaramar tirela a baya. Direbanmu, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, shi ya haɗa.

Ma'aikatan kago ne suka yi lodin, kuma yadda suka saba cika kwantena haka suka yi: tabarmi da matasai can ciki, janareta da jarkokin ruwa da babbar tukunyar dafa-dukan Hajiya, matar Alhaji, a bakin ƙofar baya, don a ji daɗin saukewa. Nauyin duk ya koma bayan tayoyi. Ni kuwa tun a unguwar Hor Al Anz, kafin mu tashi, na karance ɗan littafin motar, saboda ni mutum ne mai fargaba. Na sa hannu ɗaya a bakin tirelar, inda ake haɗa ta da mota, sai na ji ba nauyi ko kaɗan, kamar ma sama take son yi.

Na daɗe ina juya maganar, don sabon ma'aikaci ba ya gyara wa maigida lodi. Amma mutum tara ne a motar, ga hawa da gangara a gabanmu. Sai na matsa kusa da Alhaji.

"Ranka ya daɗe, kamar dai, ban tabbata ba, nauyin ya kamata ya dawo gaba."

"Malam mai digiri," in ji Alhaji, "kwantena nawa ka taɓa lodawa? Yalla, mu tafi, rana na yi."

Aka yi dariya. Na koma wajen direba, na roƙe shi ko sarƙoƙin tirelar guda biyu da ya naɗe a gefe mu maƙala su a jikin motar, a gicciye ta ƙarƙashin bakin tirelar. Na kuma leƙa ƙasa na ƙwanƙwasa ƙarfen da za a maƙala su, ko tsatsa ta cinye shi. Da sauransa.

"Ɗana, kai da tsoro," ya ce. "To, maƙala, hankalinka ya kwanta."

Mun wuce rairayi, duwatsu sun fara bayyana, sai na ga tirelar a madubi tana rawa hagu da dama. Direba ya ɗaga ƙafa daga mai, bai taka burki da ƙarfi ba, Allah ya saka masa. Muka hau wani ɗan tudu a kwalta, sai ƙara, gararam! Bakin tirelar ya fice daga kan dunƙulen ƙarfen da yake zaune a kai, ya faɗa kan sarƙoƙin. Suka tallafe shi bai caki titi ba, har muka gangara gefe.

Muka fito ana salati. Alhaji bai kalli kowa ba, tukunyar ya nufa. Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya ce, "Alhamdulillahi, ko cinyar kaza ɗaya ba ta fita ba. Da me zan gaya wa Hajiya?"

Dariya ta ɓarke. Sai ya juyo gare ni.

"Malam, yaya littafin naka ya ce?"

A bakin titin muka sauke komai, janareta da ruwa suka koma gaban tayoyi, aka ɗaure su, aka duba makullin bakin tirelar sau biyu. Alhaji da kansa ya ɗauki jarka. A gindin madatsar ruwan Hatta ya zuba mini cinyar da hannunsa.

Abin da na koya shi ne, tirela ba kwantena ba ce, kuma idan ka ga abin da zai cuci mutane, faɗe shi ko da muryarka na rawa. Har yau ina cewa "kamar dai", amma ina ƙarasa maganar. Waɗanda muka yi tafiyar tare, in na yi kuskure a wani wuri, don Allah ku aiko mini in gyara. Musamman yawan cinyoyin, don direba ya rantse biyu aka ba ni.