Malam Iro da gonar gyaɗar Kufena

Ina shirin fita da safiyar nan aka kira ni: Malam Iro na Ƙofar Gayan ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun koyar tare a wata sakandare a Zariya, ƙarshen shekarun tamanin. Shi tarihi, ni lissafi. Sabon malami ne ni a lokacin, kekensa ma na riƙa ara kafin in sayi nawa.

Mutumin bai yarda da darasin allo ba. Duk shekara sai ya kwashi 'yan aji biyar ya fita da su, wai sai sun taka da ƙafarsu yadda sojojin Ingila suka ja da baya a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa na biye da su har bakin teku, aka kwashe su a jiragen ruwa. Ƙofar Kuyambana ce bakin daga, gindin dutsen Kufena ne teku. Jirgin kuwa tsohuwar akori-kura ce ta wani mai tumatir.

Yana tafe yana cewa, "Ku waiwaya! Gudu ma ilimi ne, wanda bai iya shi ba a hanya zai zubar da mutanensa."

Manoma kan ajiye fartanya su tsaya kallonmu. Wasu sun ɗauka ya taɓu. Ni ma da farko haka na ɗauka.

Wata damina ayarin ya ratsa gonar gyaɗar wani dattijo, aka tattake ta. Washegari mutumin ya zo makaranta da ganyen a hannu. Firinsifal ya tara mu ya tambayi wanda ya bi da ɗalibai ta can. Malam Iro ya miƙe ya ce fitar tasa ce, laifin nasa ne. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka soke fitar. Har ya yi ritaya bai sake kai kowa Kufena ba.

Bara na je duba shi da niyyar mu yi wannan maganar. Na tarar da zauren cike da baƙi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Sani, har yanzu kana tsorata 'ya'yan mutane da lissafin nan?" Muka yi dariya, na sha fura, na ce a raina sai wani zuwan.

To ga maganar. Ranar nan Malam yana can baya da masu jan ƙafa, ni ne a gaba. Rana ta dame ni, na hango yanke, na bi da su ta gonar. A ofishin firinsifal ina zaune na yi shiru, don ba a tabbatar min da aiki ba tukuna. Bai taɓa tayar min da zancen ba, ni kuma ban taɓa neman yafiyarsa ba. Kunya nake ji, wallahi.

Ɗaliban da kuka zo daga baya ba ku sami fitar ba, ni na jawo muku.

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya roƙa min gafara ni ma.