Dutsen da Thyra Ta Zauna a Kai

Sau ɗaya Ejvind ya taɓa ja da matarsa Thyra, a kan dutse, kuma kayen da ya sha ya ishe mu dariya har shekara ta zagayo. Dutsen na tsakiyar gonar dankalinsa, ƙato kamar saniya a kwance, irin waɗanda ƙanƙara ta turo daga Norway tun zamanin da, ta watsar mana a gonaki. Ya gaji da kewaye shi da garma, ya aro dawaki da sarƙa. Yana isowa ya tarar da Thyra a kai, tana saƙa safa.

"Sauko, zan cire shi."

"Haba maigida! Baƙon da ya riga kakanka zuwa? Kai da kujera ma sai ka yi nishi kake matsar da ita?"

Dawaki suka ci ciyawa, shi ya ci kunya, dutse ya zauna.

Ejvind ba mai surutu ba ne. Rabinsa masunci, rabinsa manomi, kuma ba wanda ya yi suna a ciki. Gaɓarmu ta yammacin Jutland laka ce zalla. Duk hunturu igiyar ruwa na ƙwaƙule ƙasanta, sama ya rufta. In bakin gaɓar ya matso kusa da gida, sai mu dafa kofi, mu kira maƙwabta, a ɗora gidan katako a kan gumagumai a ja shi baya. Da aka ja na Ejvind, Thyra na ciki, ta ce miyarta ba ta nuna ba.

Bayan rasuwarta teku ya cinye gonar kunya bayan kunya, har dutsen ya dawo bakin gaɓa. Nan Ejvind yake zama da yamma da lofensa. Wani hunturu dutsen ya faɗa.

Sai ga 'yarsa Bodil daga birni, ta riga ta gyara masa ɗaki a bene a can. Shi kuwa ya riga ya kira maƙwabta, gumagumai na jibge a ƙofar gida.

"Baba, don Allah ka haƙura. Sau nawa za ka yi ta gudu da gida kamar kunkuru? Dutsen Inna ma ya tafi."

 Ejvind ya kama hannunta suka leƙa ƙasan gaɓa. Ruwa ya wanke lakar tas, ya kwashe. Dutsen kuwa yana nan zaune daram a kan yashi, igiya na fashewa a jikinsa tana komawa.

"Ina ya tafi? Sauka ya yi ƙasa. Abin da uwarki ta zauna a kai, dawaki sun kasa, teku ya kasa. Ni kuma shekara arba'in tana zaune a kaina. Je ki ɗora kofi, mutane na jira."