Yatsun Baba Muttaka

Baba Muttaka ya zo aikin Hajji daga Kano shekara ashirin da shida da suka wuce, bai koma ba. Makanike ne a warshar gyaran motoci da na gada a unguwar Utaibiyya.

Bara aka kawo mana tsohuwar motar tsere, irin wadda baƙin manta ke zama a tanki daban, ba a ƙasan inji ba. Mai ita yana so ta koma yadda aka ƙera ta. Na ce a ɗaura tankin kusa da inji.

"A'a, Abdulilah," in ji Baba. Ya yi ta shafa ƙarfen bayan kujera har yatsunsa suka gano ramukan noti huɗu da aka cike. "Nan ne mazauninsa."

Ranar baje kolin motoci a Jidda ni kaɗai na tafi da motar, domin Baba ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ga shingen bincike a hanya. Alƙalai suka tambayi wanda ya gano wurin tankin. Na ce ni ne.

Da na dawo, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, ban dai ba ka kunya ba ko?"