Farin Garin Mushe da Ruwan Rinina

A shekarar da kogin Isa ya janye har mutane suna tsallaka shi da ƙafa, ina rinin shadda a wani gidan haya mai ɗakuna biyar a unguwar Kirkissoye. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yakan yi wata bai kwana gida ba, don haka rinin ne ke ci da ni da 'ya'yana uku. Sana'ar uwata ce tun Maraɗi. In na gama aiki nakan zubar da ruwan a wani rami bayan katanga, kamar yadda kowace mai rini ke yi.

Cikin bazarar nan aka ba wani malamin jami'a ɗakin da ke kallon nawa. Mutumin Damagaram ne, siriri, bai daɗe da dawowa daga Faransa ba. Mushe kowa ke ce masa, yadda ake ce wa malaman boko. Tun ranar farko jininmu bai haɗu ba. Ya tsaya kan ramina ya toshe hanci, ko sannu da aiki bai yi mini ba.

"Yaya, kin san inda ruwan nan ke zuwa?" in ji shi.

"Ƙasa ke shanye shi."

"Ƙasa kuma ta kai shi rijiyar da muke sha. Taku ashirin ne tsakaninsu."

Na ce masa shekara shida ina zubawa a nan ba wanda ya mutu, in rijiyar ba ta yi masa ba ga 'yan garuwa nan, ya saya tunda yana da albashi.

Bayan kwana biyu ya zo da kwalba ya roƙi ruwan ɗaurayar shuɗin rini. Na ba shi don in rabu da shi. Ya jera faranti uku, ya zuba ruwan kaɗan kaɗan. Ya ɗauko wani gwangwani mai farin gari kamar alli, ya barbaɗa a biyu. Ɗaya mai garin ya kai ɗaka ya rufe, sauran biyun ya bar su tsakar gida cikin rana, yana zuwa yana motsawa da cokali. Matan gidan suna dariya, wata Bazabarmiya da ke sayar da ƙosai ta ce malam ya fara dama koko.

Da la'asar ya kira ni. Farantin da ba gari yana nan shuɗi, na ɗaka ma haka. Amma mai garin da ya wuni a rana ya yi fari, da garin ya kwanta sai ga ruwa garau a sama. Ya ce garin irin wanda ake sa wa farin fenti ne, shi kaɗai ba ya komai, sai hasken rana ya taɓa shi yake wargaza rinin. Kuma ba ya ƙarewa, a tace shi a sake aiki da shi. Ya ce kada kowa ya sha, sodar da muke haɗa rini da ita na nan ciki.

Ban nuna masa ba, amma abin ya shige ni. A lokacin ruwa ya fi rini wuyar samu. Rijiyar gidan sai an jira ta taru, mutanen da fari ya koro daga arewa sun cika bakin kogi da ragowar dabbobinsu. In zan iya ɗauraye shadda sau biyu da ruwa ɗaya, ai na huta. Washegari na haɗiye girman kaina na ce ya sam mini garin.

"Gwangwani ɗaya ne gare ni, na bincike ne," ya ce. "Bari in rubuta wa hukuma, a gina babban kwatami a unguwa, kowa ya amfana."

"Mushe, cokali biyu na roƙa, ban roƙi hukuma ba."

Bai ba ni ba. Sai ya ci gaba da ɗiban ruwan ramina da na rijiya yana kaiwa jami'a a Lamordé cikin jakarsa, ni kuma na ƙyale shi, ina zaton wata rana zai ji kunya.

Zamanin soja ne, takarda ba ta kwana a tebur, don kowane ma'aikaci tsoro yake a ce ya yi sakaci. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya ina tsakiyar rina shadda goma ta biki, sai ga duba-gari da jandarma biyu. Ba su tambayi komai ba. Suka kifar da bahunana huɗu, shadda ta faɗi cikin ƙasa, suka sa na cike ramin da hannuna suna tsaye. Duba-garin ya ce in aka sake ganin rini a gidan nan, a rufe zan kwana. Masu rini uku na layinmu ma haka aka yi musu.

Na jira Mushe a ƙofar gida har ya dawo da azahar.

"Kai ka turo su."

"Wallahi Yaya ban rubuta sunanki ba. Unguwa kawai na ambata. Kwatami na nema."

"Masu rini nawa ne a unguwar? Ka yi karatu har Faransa ba ka san wanda ka kai wa takarda ba?"

Ya ce duk da haka maganar rijiyar gaskiya ce. Wannan kalma ta ƙarasa ni. Na wuce shi, na ɗauki ragowar baƙin rinin da ke tukunya, na juye a farantansa da ke rana, na watsa sauran kan fararen rigunansa biyu da ke kan igiya. Na ce garin nasa ya wanke su. Ya kwashe rigunan ya shige ɗaki.

Gaskiya ne tun ranar farantan na hana 'ya'yana shan ruwan rijiyar, garuwa nake saya musu a ɓoye. Ban taɓa gaya masa ba.

Daga nan muka koma rini a bakin kogi, ni da sauran matan, muna ɗaukar bahuna a ka tafiyar rabin awa. Ruwan da muka gama da shi yana gangarawa cikin ɗan ruwan da ya rage, inda dabbobi ke sha, kuma ba duba-garin da ya taɓa zuwa can. Kwatami ba a gina ba. Masu bikin ba su sake kawo mini shadda ba.

Wata bakwai muka ƙara a gida ɗaya, ni da shi, ba gaisuwa. In ya fito alwala nakan juya baya. Ranar da zai tashi, bayan an ɗora kayansa a amalanke, ya zo ƙofata ya yi sallama, ya ce, "Yaya, zan tafi, a yafi juna." Ina tsince shinkafa a lokacin. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan tsaya yana jiran sauran maganar, da bai ji ba ya bi amalankensa.