Tef Ɗina Ya Gani, Ni Ban Gani Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana, Malam Sani, a nan Dutsin-Ma. Ni tela ne, kuma ni ke ɗinka masa kaya tun ranar da ya fara koyarwa a firamare. Don haka babu wanda ya san jikinsa kamar ni, kuma wannan ne abin da ke hana ni sukuni har yau.

Shekara biyu kafin rasuwarsa na lura awon cikinsa yana ƙaruwa. Maimakon in damu, sai na riƙa tsokanarsa: "Yaya, wannan tumbi sai dai a fara kiranka Alhaji!" Ya yi dariya, gidanmu kowa ya ce hutu ne ya karɓe shi. Amma tef ɗin awon da ya nuna min cikin, shi ya nuna min wuyansa da damtsensa suna ramewa. Na ƙara faɗin riga, na rage wuya, ban tambayi kaina wace irin ƙiba ce ke tsallake hannu ba.

Daga baya ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Yana cikin magana yana susa har fata ta yi jini. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce shawara ce, kuma shawara ba ta son allura. Ni da kaina na hau babur zuwa wani ƙauye bayan Kurfi na ɗauko jiƙo a jarka. Wata huɗu yana sha. Sai da ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ya yi aman jini wata safiya, sannan muka garzaya Katsina.

Likita ya danna cikin, ya ce ruwa ne. Ya ce hantar ta ƙanƙance ta taurare, wani tsohon ciwon hanta ne ya daɗe yana cin ta, kuma yakan bi 'yan gida ɗaya. Ya tambaya, "Tun yaushe cikin ya fara girma?" Ni kaɗai na san amsar, kunya ta hana ni buɗe baki.

Da Yaya zai dawo yau, zai ji ana maganar gwajin hanta da rigakafinta a rediyo, zai yi murna. Amma na san sai ya tsare ni da ido, kamar yadda yake yi wa ɗalibai, ya ce, "To ku, kun je?" Ni na je. Ƙaninmu Kabiru, mai sayar da hatsi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ƙi.

Ranar Laraba Kabiru ya kawo shadda. Na zagaya tef a cikinsa, na kai wuyansa, sai na ga irin awon Malam Sani: ciki ya ƙaru, wuya ya rame. Na ja shi bakin shago inda haske yake, na duba farin idonsa.

Kabiru ya ce min, "Yaya, lahiya?"

"Cire takalminka in ga ƙafarka."

"Tsayuwar kasuwa ce kawai. Inna ma ta aika Kurfi a ɗauko jiƙo."

"Wallahi ba zan sa almakashi a shaddar nan ba sai likita ya gan ka."

Ya yi fushi ya tafi, Inna kuma ta daina amsa gaisuwata. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ban sani ba ko wannan karon ma na makara.

Mutane suna tuna Malam Sani da haƙuri da ɗaliban da ya yaye. Allah Ya jiƙansa. Ni abin da ya bar min shi ne tambayar nan ta likita. Jiya matar Kabiru ta kira, ta ce ya yarda mu tafi Katsina ranar Litinin. Idan aka tambaya tun yaushe, wannan karon zan yi magana.